Jiki Bebe da Tarihin Aro

Duk ɗalibin injiniya da ya daɗe yana aiki da manhajar zanen kayan inji, ko SolidWorks ce ko Inventor ko FreeCAD, akwai ranar da fayil ɗin wani zai faɗo hannunsa. Wataƙila kamfanin da ke sayar da famfo ko boris ne ya ajiye samfurin kayansa a shafinsa na intanet, ko kuwa abokin karatu mai amfani da wata manhaja dabam ya turo aikinsa, sunan fayil ɗin yana ƙarewa da STEP ko IGES. Ɗalibi ya buɗe, abu ya bayyana a allo cif-cif, ana juya shi ta ko'ina, ramukansa da lungunansa duka suna nan. Sai ya waiwaya gefen allo, inda aka saba ganin jerin matakan da aka bi aka gina abu, ya tarar da layi ɗaya tak: jikin da aka shigo da shi. Babu zanen farko, babu awon da za a danna a canza. Injiniyoyi masu magana da Ingilishi suna kiran irin wannan jiki bebe, kuma sunan ya dace da shi, domin ana ganinsa sarai amma ba ya iya faɗin yadda aka yi shi.

Saboda wannan larura ne kamfanonin manhaja suka tanadi wata dabara ta gane gaɓoɓi. A SolidWorks sunanta FeatureWorks, wani kamfanin Indiya mai suna Geometric ne ya ƙirƙira ta, akwai kuma makamantanta a wasu manhajojin. Ɗalibi ya danna, ya jira ƴan daƙiƙoƙi, sai ga gefen allo ya cika da matakai: an miƙa wannan zane ya zama dunƙule, an yanke wancan gurbi, an huda ramuka huɗu, an dakusar da kaifin gefuna. Bebe ya yi magana ke nan. Murnar da ke biyo baya ba abin zargi ba ce, sai dai a cikinta haɗarin yake, domin jerin da ya bayyana ba shi ne wanda mai zanen asali ya bi ba. Manhaja ta dubi jikin ne ta ƙaga masa tarihin da zai iya haifar da shi, kamar yadda maroƙi kan ƙaga wa baƙon attajiri salsala. Tarihin yana iya dacewa da siffar har ƙarshen awo, ya kuma saɓa wa manufar da aka yi abin dominta. Ɗalibin da ya karɓi wannan tarihin aro a matsayin na gaskiya, ya ɗora aikinsa a kai, ba zai gane kuskurensa ba sai an riga an yanka ƙarfe.

Kafin a yanke wa dabarar hukunci, ya kamata a san abin da ya sa jikin ya zo bebe tun farko. Kowane abu a cikin manhajar zane yana zaune ne a hawa biyu. A hawan ƙasa akwai siffa tsagwaronta. Kwamfuta ba ta riƙe cikin ƙarfe, fatarsa kawai take riƙewa: fuskoki, da gefunan da fuskoki ke haɗuwa, da kusurwoyin da gefuna ke ƙarewa. Tubali mai ƙira huɗu-huɗu yana da fuska 6, gefe 12, kusurwa 8. Kowace fuska tana ɗauke da lissafin siffarta, ko shimfiɗaɗɗiya ce, ko ta silinda, ko ta mazurari, kowane gefe kuma ya san fuskoki biyun da yake rabawa, ya san ta wane ɓangare ƙarfe yake, ta wane ɓangare iska take. Wannan hanya ta siffanta abu da iyakarsa ta samu gindin zama a Jami'ar Kambirij ta Ingila a farkon shekarun 1970, a aikin Ian Braid da abokansa, kuma daga wannan zuriya aka samu Parasolid da ACIS, injinan lissafin da ke ɓoye a ƙarƙashin manhajoji masu yawa har yau.

Hawan sama ya zo daga baya. A 1985 Samuel Geisberg, wani masanin lissafi da ya yi ƙaura daga Tarayyar Sobiyet zuwa Amurka, ya kafa kamfanin PTC, wanda ya fitar da Pro/ENGINEER a ƙarshen shekarun 1980. Sabon abin da ta kawo shi ne ajiye matakan gini da awonsu bi da bi, ta yadda in aka canza lamba ɗaya manhaja za ta sake bin matakan daga farko ta fito da sabuwar siffa. SolidWorks ta kawo wannan tsari kan kwamfutoci masu Windows a 1995, daga nan ya zama shi ake fara koya wa ɗalibi kusan ko'ina. Hawan sama shi ne yadda aka yi girkin, hawan ƙasa kuwa abincin da aka sauke.

To, fayilolin musaya abincin kawai suke ɗaukowa. IGES ya fito a 1980 a ƙarƙashin hukumar ma'aunai ta Amurka, tun kafin a san tarihin gini a kasuwa, kuma bugunsa na ƙarshe na 1996 ne. STEP, wanda lambarsa a hukumar ISO ita ce 10303, an fara aikinsa a 1984, sassansa na farko suka fito a 1994. Gaskiya ne cewa an rubuta masa wasu sassa da za su iya ɗaukar matakan gini, amma fayil ɗin STEP da manhajojin kasuwa ke fitarwa kullum siffa ce kawai. Har ma tsakanin SolidWorks da Solid Edge, waɗanda dukansu a kan Parasolid suke zaune, in aka miƙa fayil ɗin Parasolid jiki ne zai ƙetare, tarihi ya tsaya a gida. Dalilin rabi na fasaha ne, domin kowace manhaja da yadda take fassara rami ko lanƙwasa, rabi kuma na ciniki: kamfanin manhaja ba ya ɗokin sauƙaƙa wa abokin cinikinsa komawa wurin kishiya, kamfanin da ya ƙera famfo shi ma yana jin daɗin aika siffar da za a auna gurbi da ita ba tare da ya aika dabararsa ba. Sau da yawa da gangan aka bebantar da jikin.

Yadda manhaja ke gane gaɓa kuwa abin sha'awa ne, kuma ya cancanci ɗalibi ya fahimce shi, domin a cikin fahimtar zai ga iyakar dabarar da kansa. Bincike a kai ya faro ne a Kambirij ɗin dai, da kundin digirin Kyprianou na 1980, amma hanyar da ta fi shahara ita ce wadda Joshi da Chang suka wallafa a 1988. Asalinta rarrabe gefuna gida biyu. Akwai gefe mai fitowa waje, kamar bakin tebur, akwai kuma mai lotsawa ciki, kamar inda bango ya haɗu da daɓe a cikin ɗaki. Manhaja ta bi jiki ta ware duk fuskar da gefunanta baki ɗaya masu fitowa ne, ta ce wannan fatar waje ce. Abin da ya saura rukunoni ne na fuskoki da gefuna masu lotsawa suka haɗa, kowane rukuni da tambarinsa. Fuska biyu da gefe ɗaya mai lotsawa, matakala ce. Fuska uku da gefe biyu, tsagi ne da ya ratsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Fuska biyar da gefe takwas, watau daɓe da bango huɗu, gurbi ne rufaffe. Silinda mai kallon ciki rami ce, in kuma ta ƙare da ɗan mazurari mai digiri 118, to rami ne da bai ɓulle ba, domin haka tsinin bakin injin huda na yau da kullum yake. Da an gane gaɓa sai a cire ta, a toshe gurbinta, a sake duba abin da ya rage, haka har a isa dunƙulen farko. Sa'an nan a juya jerin, na ƙarshen cirewa ya zama na farkon gini.

A kan farantin ƙarfe mai ramuka, ko sandar da aka feƙe a injin juyi, ko maƙalin da aka sassaƙa daga dunƙule, wannan hanya tana aiki ƙwarai, kuma rashin adalci ne a ce ba haka ba. Abin lura shi ne duk tambayoyin da manhaja ke yi tambayoyin siffa ne: wace fuska ke maƙwabtaka da wace, ta wane irin gefe. Ba ta da kafar tambayar me ya sa.

A ɗauki misali mafi sauƙi, dunƙule mai siffar harafin L. Ana iya zana L ɗin a miƙa shi sau ɗaya. Ana iya miƙa tubali cikakke a yanke masa kwata. Ana iya shimfiɗa faranti a dasa masa bango. Dukansu jiki ɗaya suke haifarwa, fuska da fuska, gefe da gefe, babu na'urar awon da za ta bambanta su. Bambancin yana fitowa ne ranar canji. Wanda ya dasa bango a kan faranti yana da lamba guda ta kaurin bango, in ya faɗaɗa farantin bango yana nan da kaurinsa. Wanda ya yanke kwata yana da lambar faɗin yanka, in ya faɗaɗa tubalin sai bango ya ƙara kauri ba tare da an nema ba. Manhaja za ta zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin bisa ƙa'idar da aka rubuta mata, ba ta san wanne mai zane ya nufa ba, domin amsar ba ta cikin fayil ɗin sam. Kama da wane ba ta wane.

Lamarin ya fi tsanani a wurin awo. A ce faranti ne mai faɗin milimita 100, da ramuka biyu a jere, kowane yana nesa da gefensa da milimita 15, tsakaninsu ke nan milimita 70. Mai zane yana iya cewa kowane rami ya tsaya a 15 daga gefen da ke kusa da shi. Yana iya cewa a riƙe 70 tsakaninsu, a daidaita su a tsakiya. Yana iya auna duka biyun daga hagu, ɗaya a 15 ɗaya a 85. Yanzu a faɗaɗa farantin zuwa 120. A hanya ta farko tazarar ta koma 90. A ta biyu tana nan 70, ramuka suna tsakiya. A ta uku tazarar tana nan, amma ramukan sun karkata hagu, gefen dama ya bar 35. In farantin nan mazaunin mota ce ta lantarki wadda ƙafafunta ke da tazarar 70, kuma dole ta zauna a tsakiya domin bel ya yi saiti, hanya ta biyu ce kaɗai daidai. Zanen da manhaja ta gane yakan zo ko dai ba awo gaba ɗaya, ko da awon da ta jera daga wata kusurwa da ta zaɓa wa kanta, wanda ya fi kama da hanya ta uku. Ɗalibi zai canza faɗi, manhaja ta sake gini ba tare da ko jan rubutu ɗaya na gargaɗi ba, domin a wurinta babu laifin da aka yi. Wannan shirun ya fi kuskure mai ƙara haɗari. Jikin da ya ƙi ginuwa yana tilasta wa mai shi ya duba, wanda ya ginu lafiya a kan kuskure kuwa kai tsaye yake wucewa wurin maƙeri.

Akwai kuma abubuwan da ba su taɓa shiga siffa ba balle a gane su. Mafi yawan masu zane ba sa sassaƙa murɗaɗɗen tsagin da noti ke bi a cikin rami, domin yana nauyaya fayil. Sai su bar ramin sumul, su liƙa masa bayani cewa na noti kaza ne. Bayanin nan a hawan sama yake zaune, sau da yawa ba ya tsira a hanyar musaya. Sai ɗalibi ya ga rami mai faɗin milimita 8.5, manhaja ta gane shi daidai, ta rubuta 8.5. Wanda ya san aiki zai tsaya, domin 8.5 shi ne hujin da ake yi kafin a yanka tsagin noti mai lamba M10. Amma kuma noti M8 yana ratsa rami 8.5 a sake, don haka siffar ita kaɗai ba ta raba gardama. Mafi muni shi ne in mai zanen asali ya zana ramin da cikakken faɗin notin, watau 10: maƙeri ya huda 10 kamar yadda ya gani, ba sauran naman ƙarfen da za a yanka tsagi a ciki, aiki ya lalace. Haka lamarin mazaunin boris. Boris mai lamba 6204, wanda ya cika injina ƙanana, faɗinsa na waje milimita 47 ne, na ciki 20, kaurinsa 14. Gurbin da zai zauna a ciki, in an bi rangwamen awo mai suna H7, dole ya kasance tsakanin 47.000 da 47.025, rangwamen da bai kai kaurin gashin kai ba. A fayil ɗin da aka shigo da shi, wannan gurbi da ramin da aka yi don rage nauyi kawai duk silinda ne, martabarsu ɗaya. Manhaja ba za ta ce wa kowa ga wanda in ya yi faɗi da kaɗan boris zai riƙa juyawa a mazauninsa yana cin ƙarfe ba.

Wani lokaci lambobin da kansu suna ba da labari ga mai kunne. Kauri 6.35 da tazara 12.7 da faɗi 25.4 ba rashin tsari ba ne, rubu'in inci ne da rabin inci da inci guda, alamar cewa a ma'aunin Amurka aka zana abin, kuma wataƙila notocinsa ma na inci ne, ba za su shiga da waɗanda aka saba samu a kasuwa ba. Ɗalibin da ya gyara 6.35 zuwa 6 don lamba ta yi kyau ya goge shaida da hannunsa.

Duk wannan a kan jikin da aka gane shi lafiya ne. Waɗanda ba su ganuwa ma suna da yawa. In gaɓoɓi suka ratsa juna, misali tsagi ya bi ta tsakiyar gurbi, bangon gurbin ya rabu biyu, tambarin fuska biyar da gefe takwas ya ɓace, kuma wannan matsala ta gaɓoɓi masu cuɗanya ita ce ta fi ba masu bincike wahala tun farkon fannin. Gefunan da aka dakusar da ƴar lanƙwasa suna ɓoye kaifin da dabarar ke dogara da shi, shi ya sa ake fara cire su, kuma inda lanƙwasa uku masu girma dabam suka haɗu a kusurwa ɗaya cirewar kan gagara. Kayan zubi sun fi kowa taurin kai: bangonsu yana ɗan karkata domin abu ya fita daga mazubi, kamar yadda duk mai zubin tukunya ya sani, ga lanƙwasa ko'ina. Wasu manhajoji suna raba kowace silinda gida biyu, sai rami guda ya iso da fuska biyu. Fayil ɗin IGES kuwa sau da yawa tarin fuskoki ne da sai an ɗinke su, kuma tun da kowace manhaja da iyakar ratar da take yafewa tsakanin fuska da fuska, abin da ke rufe ruf a can yana iya isowa nan da tsaga. Sakamakon yakan zama jeri mai matakai masu yawa, rabinsu ƙananan yanka marasa ma'ana, da wani guntun jiki a ƙasa wanda har yanzu bebe ne. Fayil ɗin STL, wanda kamfanin 3D Systems ya ƙirƙira a 1987 domin injinan buga abu, ba ya ma cikin wannan lissafi: ƙananan fuskoki ne masu kusurwa uku-uku, babu silinda a cikinsa ko ɗaya, ko ma'aunin milimita ko inci bai ajiye ba.

Masu kare dabarar suna da hujja, kuma hujjar tana da nauyi. Sukan ce lokaci kuɗi ne, kamfanin da ya gaji dubban tsofaffin fayiloli daga manhajar da ya bari ba zai zauna ya sake zana su ɗaya bayan ɗaya ba, tarihin aro kuma ya fi babu. Wannan gaskiya ne ga abubuwa masu sauƙi. Akwai ma fagen da dabarar ta fi dacewa da shi fiye da zane, watau shirya wa injin sassaƙa mai kwamfuta hanyar da zai bi. Mai wannan aiki ba ruwansa da yadda mai zane ya gina abu. Tambayarsa ita ce wane ƙarfe za a cire daga dunƙule, da wane baki, zuwa wane zurfi. Gurbi gurbi ne a wurinsa ko ta yaya aka zana shi, kuma manhajar da ta tattaro masa ramuka ɗari biyu ta jera su bisa faɗi ta yi masa babbar hidima. Domin wannan buƙata ta masana'anta aka yi yawancin binciken tun asali. Kuskuren shi ne ɗauko kayan aikin da aka ƙera don amsa tambayar mai sassaƙa a sa ran zai amsa tambayar mai zane. Ko sababbin hanyoyin da ake horar da basirar na'ura da dubban samfura don ta gane gaɓoɓi ba su kawar da wannan ba. Za su iya ƙwarewa wajen cankar abin da aka fi yi, su ce rami 8.5 galibi na M10 ne, amma canka ce, kuma injin da ke gaban ɗalibi guda ɗaya ne, ba galibi ba.

Abin da ya kamata ya zo kafin danna maɓalli shi ne tambayar me ake so a yi da jikin. In boris ne ko mota da za a saya a ɗaura, ba a buƙatar taɓa shi ko kaɗan, bebancinsa ma kariya ce daga canjin da ba a nufa ba. In ƙaramin gyara ne sau ɗaya, a matsar da fuska milimita biyar ko a toshe rami, akwai hanyar gyara kai tsaye, wadda ake kama fuska a ja ta ba tare da neman tarihi ba. SpaceClaim ta shigo kasuwa da wannan salo a 2007, Siemens ta shigar da nata cikin Solid Edge da NX a 2008, yau kuma kusan kowace babbar manhaja tana da umarnin matsar da fuska ko share ta, har FreeCAD ta kyauta tana da hanyar cire fuskokin da aka zaɓa ta toshe gurbinsu. Wannan hanya ta fi gaskiya, domin ba ta yi wa kowa alkawarin sanin abin da ba ta sani ba. Amma in abin zai zama na mutum, zai riƙa canza shi shekara da shekaru, yana fitar da babba da ƙarami daga gare shi, to ya zauna ya sake gina shi da hannunsa, yana auna jikin da aka shigo da shi kamar yadda zai auna ƙarfen gaske a kan tebur. Sa'o'in da zai kashe su ne kuɗin sanin abin.

Wannan na ƙarshe ya fi shafar ɗaliban da ke karatu a Yamai ko Maraɗi ko Zinder, inda yawancin injinan da ke aiki daga waje aka shigo da su, aikin injiniya kuma sau da yawa shi ne samar da kayan gyara ga abin da wani ya zana a wata nahiya. Mai irin wannan aiki kullum yana fama da jiki bebe, ko a allo ko a hannu, tun da mazaunin boris ɗin injin niƙa da ya fashe shi ma ba ya zuwa da tarihi. Ƙwarewar da zai ci abinci da ita ita ce karanta manufa daga siffa: wace fuska ce ke zama a kan wata, wane rami ne ke riƙe saiti, wanne ne ado. In ya saba miƙa wa manhaja wannan karatu tun yana makaranta, ya bar gonar da ya kamata ya noma.

Duk da haka malaman da ke hana ɗalibai taɓa dabarar baki ɗaya su ma sun wuce gona da iri. FeatureWorks tana da hanya biyu, ta kai-da-kai da ta haɗin gwiwa, kuma ta biyun darasi ce mai kyau. A cikinta mutum ne ke nuna fuska ya ce wannan lanƙwasa ce a cire ta, wannan rami ne, wannan yanka ne daga nan zuwa can, yana tafiya daga ƙananan gaɓoɓi zuwa manya har ya isa gindi. Manhaja tana ɗauke masa wahalar awo, hukunci yana hannunsa. Ɗalibin da ya warware abu goma ta haka ya koyi tsarin gini fiye da wanda ya kwaikwayi darasi ashirin, kamar yadda ɗan koyon ɗinki ke gane yankan riga ranar da ya farke tsohuwa. Sharaɗin shi ne kada ya tsaya a inda manhaja ta tsaya. Ya buɗe kowane zane ya share awon da ta jera, ya sa nasa bisa abin da ya fahimta, ya haɗa ramukan da suke tsari ɗaya su bi lamba ɗaya, ya mayar da bayanin noti inda ya ɓace. Sa'an nan ya gwada girma da nauyin sabon jiki da na asali, ko ya ɗebe ɗaya daga ɗaya ya ga ko wani ɓarɓashi ya rage. Daga ƙarshe ya canza babban awo guda da gangan, ya kalli abin da ya motsa da abin da ya tsaya.

Sauran abin da siffa ba za ta taɓa faɗa ba, sai a nema a wurin wanda ya sani. Sashen STEP mai lamba AP242, wanda ya fito a 2014 ya haɗe tsofaffin AP203 da AP214, yana iya ɗauko rangwamen awo da bayanan ƙira tare da jiki, in mai aikawa ya sa su tun farko kuma manhajar mai karɓa ta iya karanta su. Ya dace a roƙi wannan in ana da hali. In bai samu ba, takardar zane ta gargajiya mai awo da alamomi tana nan da darajarta, kuma kamfanoni da yawa suna ajiye ta kusa da samfurin a shafi guda, ɗalibi ne kan wuce ta saboda ba ta juyawa a allo. A kan wannan takarda ne zai ga an rubuta M10 kusa da ramin 8.5, an kuma rubuta H7 kusa da 47.